Tauraro da Raɓa: Gwanintar Masu Lissafin Damina a Ƙasar Katagum

A duk shekarar manomin ƙasar Katagum babu shawarar da ta kai nauyin ranar zuba iri. Daga Azare zuwa Gamawa, daga Chinade zuwa Sakwa, yawancin gonaki jigawa ce mai rairayi wadda ba ta riƙe ruwa, damina kuwa gajera ce, wata 4 ne da 'yan kwanaki idan shekara ta yi kyau. Ruwan farko kuma mayaudari ne. Sai a sheƙa shi sau ɗaya a watan Mayu, ƙasa ta yi ƙamshi, jama'a su fita da sungumi, daga nan sama ta ɗauke ƙafa har mako 2 ko 3, tsiro ya ƙone tun bai miƙe ba. Mai gaggawa ya yi asarar iri, mai nawa kuma ruwa ya ɗauke masa kafin geronsa ya cika ido.

Tsakanin gaggawa da nawa wata tsohuwar gwaninta take zaune. A garuruwa da ƙauyukan wannan ƙasa akwai dattawa, wani malamin zaure, wani manomi zalla, waɗanda akan tsaya a gaida su bayan sallar Asuba a ce, "Allah gafarta Malam, yau wane tauraro muke ciki?" Gwani a cikinsu zai faɗi sunan tauraron da kwanakin da aka ci a cikinsa, amma ba ya tsayawa nan. Zai ƙara da abin da ya gani da abin da jikinsa ya ji: ko iska ta juya, ko ruwan randa ya rage sanyi, ko ciyawar bakin fadama ta kwana da raɓa. Haɗin nan shi ne gwanintar. Tauraro yana sanar da shi lokacin da aka shiga, danshin iska kuma yana sanar da shi ko lokacin ya zo da kayansa. Wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya bai cika gwani ba.

Taurari 28, kowanne kwana 13

Shekarar Hijira kwana 354 ce, ta gaza shekarar rana da kusan kwana 11. Shi ya sa azumi yake zagaya damina da hunturu da bazara, ya dawo inda ya taso cikin kimanin shekara 33. Ibada wata take bi, gero kuwa rana yake bi. Dole manomi ya nemi ƙidayar da ba ta rabuwa da damina, kuma a sama aka samo ta.

Duk wanda ya saba kwana a tsakar gida zai lura cewa kowane dare tauraro yana riga fitowarsa ta jiya da kusan minti 4. Minti 4 ba ya cika ido, amma a wata guda ya zama awa 2, a shekara ya zama awa 24, wato sama ta kewayo ta koma yadda take. Dalilin shi ne duniya tana kewaya rana, don haka kullum sai rana ta ɗan matsa gabas a tsakanin taurari, kimanin digiri 1.

Magabata sun raba hanyar da rana da wata suke bi zuwa masaukai 28, waɗanda malamai ke kira manazil. Wata yana ratsa su cikin kwana 27 da ɗan ɗori, kusan masauki ɗaya kowane dare. Rana kuwa kwana 13 take yi a kowanne. Idan aka ninka 13 sau 28 za a sami 364, sai aka ƙara wa ɗaya daga cikinsu, wato Jabha, kwana 1, shekara ta cika 365. An kasa su bakwai-bakwai bisa yanayin shekara. Na damina su ne Haka'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Kaka tana buɗewa da Sarfa, hunturu da Shaula, bazara kuma tana rufewa da Surayya da Dabaran. A lissafin da ya iso mana ta Magrib, Haka'a tana kamawa a ƙarshen Mayu, Jabha tana cin rabin farko na Agusta, tsakiyar marka ke nan, Sarfa kuma ta shigo a ƙarshen Agusta, lokacin da gero ke shirin nuna.

Abin da ya fi burge ni a wannan lissafi shi ne tauraron da ake cewa ana cikinsa ba a ganinsa. Rana tana zaune a kansa, haskenta ya rufe shi. Mai lissafi yana gano inda rana take ne ta duba tauraron da ya ɓullo a gabas gab da wayewar gari, sannan ya ƙirga gaba. Daga abin da ido ya gani yake kamo abin da ido ba zai iya gani ba, kuma a kan wannan dabara ilimin falaki ya tsayu a ko'ina cikin duniya.

Wanda bai haddace manazil ba ma ya san Kaza da 'ya'yanta, wato Surayya, cincirindon ƙananan taurarin nan da ido mai kyau ke ƙirga 6 ko 7 a ciki. A ƙarshen Afrilu takan yi ƙasa a yamma bayan Magariba, ta ɓace kusan kwana 40, daidai lokacin da bazara ta fi ƙuna. Sai ta sake ɓullowa a gabas da Asuba a cikin Yuni, lokacin da ruwa ke neman zama a ƙasar Katagum. A Nuwamba kuwa da faɗuwar rana take fitowa ta kwana tana tafiya, ana yankan dawa, sanyi yana kunno kai.

Ilimin nan yana da silsila mai tsawo. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya tattara abin da makiyayan Larabawa suka sani game da taurari da ruwan sama a cikin Kitabul Anwa'i. A Maroko, Muhammad bin Sa'id al-Margiti, wanda ya rasu a 1678, ya tsara ƙa'idojin lissafin lokaci a waƙe cikin Al-Muƙni'u, littafin ya ƙetara Sahara zuwa Afirka ta Yamma. Malaman Hausa kuma suka mayar da jerin taurarin waƙar ajami don sauƙin hadda, har Mervyn Hiskett ya wallafa nazari a kan irin wannan waƙa a Landan a 1967. Amma sunaye kawai aka aro. Ma'anar kowane tauraro a gona, wane ne na shuka, wane ne na maimai, wane ne na girbi, wannan a nan aka gano ta, da sungumi da fartanya.

Bin sawun iska biyu

Ƙidaya kaɗai ba ta isa a yi shuka da ita ba. Haka'a tana shigowa a ranarta kowace shekara, ruwa kuwa wata shekara ya riga ta, wata shekara ya makara. Nan rabin gwanintar na biyu yake farawa.

Iska biyu ke karɓa-karɓa a samanmu. Ɗaya tana zuwa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta take tasowa daga Bodele, tsohon gindin tafki a arewacin Cadi. Ɗayar tana zuwa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, ɗauke da tururin ruwa. Iyakar da suke haɗuwa tana hawowa arewa tun daga farkon shekara, ta wuce ƙasar Katagum a cikin bazara, ta kai wajen digiri 20 arewa da layin Ikwaita a Agusta, sannan ta juyo ta sake wuce mu zuwa kudu a Oktoba. Ruwa ba ya zama a kan iyakar kanta. Sai ta yi gaba da ɗaruruwan kilomita, iskar teku ta yi kauri a sama, kafin hadari ya sami abin da zai ginu da shi. Shi ya sa akwai makonni tsakanin zuwan danshi da zaman ruwa, kuma a cikin makonnin nan ne ruwan yaudara yake faɗowa.

Gwani yana bin sawun wannan iyaka ba tare da taswira ba. Yana duba inda hayaƙin murhu ya karkata da sassafe. Yana lura da ranar da leɓe ya daina tsagewa, faso ya fara rufewa, gumi ya daina bushewa a jiki, dare ya koma zafi mai cunkushewa. Gishiri ya fara dunƙulewa a kwano, fatar ganga ta saki sai an gasa ta, ƙofar katako ta fara cijewa. Shamuwa ta dawo daga kudancin Afirka ta kafa sheƙa, gawo ya fara zubar da ganye sa'ad da sauran itatuwa ke toho. Ya kuma san abin da ke rikita baƙo: danshi daga kudu maso yamma yake zuwa, amma babban hadari daga gabas yake tasowa, domin iskar can sama daga gabas take kaɗawa, ita ke tura shi yamma. Don haka idan dare ya yi, gabas yake sa wa ido don walƙiya. Ba ya dogara da alama ɗaya. Sai sun taru sun yi shaida ɗaya, sun kuma dace da ƙidayar tauraro, sannan ya ce a fita, ko ya ce a yi binne a jira, ko ya ce a daure tukuna.

Duk alamun nan abu ɗaya suke aunawa. Iska tana ɗauke da ruwa a matsayin tururin da ido ba ya gani, kuma iyakar abin da za ta iya ɗauka ya danganta da zafinta. Ka ƙaddara akwatin iska mai mita 1 ta kowane ɓangare. A digiri 10 na ma'aunin Salshiyas, tururin da zai ɗauka bai wuce giram 9 da ɗan ɗori ba. A digiri 20 ya kai giram 17, a digiri 30 giram 30, a digiri 40 kuwa giram 51. Wato duk ƙarin digiri 10 ya kusa ninka shi. John Dalton, malamin makaranta a Manchesta ta Ingila, ya yi awon wannan dangantaka a wajajen 1801. Tun kafin shi, a 1783, Horace de Saussure na Janeba ya ƙera ma'aunin danshi da silin gashin mutum, domin gashi yana ƙara tsawo idan ya sha danshi, ya tsuke idan ya bushe. Dokar da ke sakin fatar ganga ita ce ke motsa allurar ma'auninsa.

Randa ma ma'auni ce. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu ya zama tururi, kuma kafin kilo 1 na ruwa ya zama tururi sai ya sha zafin da ya ninka fiye da sau 5 wanda za a buƙata a ɗaga wannan ruwa daga daskarewa zuwa tafasa. Daga cikin randar yake zuƙe zafin, shi ya sa ruwan ke sanyi. Busasshiyar iska tana kwasar tururi da sauri, iskar da ta ƙoshi kuwa ba ta da inda za ta sa ƙari. Masana yanayi suna jera ma'aunin zafi 2, ɗaya a bushe, ɗaya an naɗe masa baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. A ranar bazara mai digiri 40 da danshi kashi 15 cikin 100, jiƙaƙƙen zai sauka wajen digiri 21. A ranar marka mai digiri 30 da danshi kashi 80, da kyar zai sauka 27. Uwar gidan da ta ce ruwan randa ya daina sanyi ta auna danshin iska, kuma awonta daidai yake. A kan wannan doka Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya gina dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, wadda ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Abin da raɓa ke faɗa

A cikin alamun duka raɓa ce ba ta da gardama, domin ita ruwa ce da hannu ke taɓawa. Ka sayi ruwan leda mai sanyi a kasuwar Azare a watan Agusta, kafin a ba ka canji ledar ta jiƙe ta waje. Ka sayi irinsa a Janairu, da kyar ya yi gumi. Iskar da ta taɓa ledar ce ta yi sanyi har ta kasa riƙe tururinta, sai ta sauke shi. Matakin sanyin da iska za ta kai kafin hakan ta faru shi ne gaɓar raɓa. Iskar da ke ɗauke da giram 17 gaɓarta digiri 20 ce, mai giram 5 kuwa sai an kusa kai matakin daskarewar ruwa. Da gaɓar raɓa ta digiri 15 masana yanayi a Afirka ta Yamma suka saba shata iyakar iskar nan biyu a taswira.

An daɗe a duniya ana ɗauka raɓa daga sama take zubowa, kuma ita ke kawo sanyin asuba. Wanda ya warware lamarin likita ne a Landan, William Charles Wells. Ya riƙa kwana a wani lambu yana ajiye curin ulu da ya auna nauyinsa, wani a fili, wani a ƙarƙashin allon katako, da safe ya sake aunawa. Ya sa ma'aunin zafi a kan ciyawa, ya rataya wani a sama da ita. Sai ya ga a daren da sama ta yi garau kuma iska ta kwanta, ciyawa tana fin iskar da ke samanta sanyi, kuma sanyin ne ke riga raɓa zuwa. Duk abin da ke fuskantar sararin sama yana sakin zafinsa zuwa can, ya yi sanyi, ya sanyaya iskar da ke manne da shi har ta kai gaɓarta. Girgije ko rumfa ko inuwar itace suna mayar da wani ɓangare na zafin, iska mai ƙarfi kuma tana gauraya sanyin da ɗumi. Ya wallafa bincikensa a 1814, aka ba shi lambar Rumford a kansa.

Duk sharuɗɗan da Wells ya tabbatar da ma'auni, manomin Katagum yana aiki da su. Ya san ƙarƙashin gawo ba ya raɓa, daren hadari da daren iska ma haka. Ya san raɓa ta fi nauyi a ƙarshen Satumba da Oktoba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, sama ta washe, amma iskar teku ba ta gama janyewa ba. Manoma kan ce raɓa ce ke ƙarasa wake. Babban abin da waken ke sha danshin da ya rage a ƙasa ne, amma raɓa tana rage masa ƙishin safiya, kuma zamanta shaida ce cewa busasshiyar iska ba ta iso ba. Da sassafe ake tsinkar wake a naɗe harawa, tun suna da laushin raɓa, don kada kwanso ya fashe, ganye ya kakkaɓe. Ranar da aka wayi gari da sanyi amma ciyawar tudu a bushe, gwani ya san iyakar ta wuce kudu, hunturu ya karɓi gari, hatsi zai bushe ya shiga rumbu lafiya.

Ƙanƙara a hanyar Katagum

Wannan busasshen sanyi ya taɓa shiga tarihin binciken ƙasa. A Disamba 1823 wasu Turawa biyu 'yan Sikotilan, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka taso daga Kukawa za su Kano. A ƙarshen watan, kafin su iso Katagum, Clapperton ya rubuta cewa sun wayi gari ruwan da ke cikin kwanukansu marasa zurfi ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunan ruwa kuma sun sandare. Ƙanƙara a ƙasa mai zafi, a fili ba kan dutse ba, abin mamaki ne, amma binciken Wells ya riga ya ba da amsa. Shi da kansa ya yi bayanin yadda mutanen Bengal a Indiya suke samun ƙanƙara da dare ta hanyar jera ruwa a faffaɗan kasake a kan tattaka, ko da iska ba ta kai matakin daskarewa ba. Ruwa marar zurfi yana sakin zafinsa sama, busasshiyar iska kuma tana ƙara zuƙe masa wani ta tururi.

Sauran bayanin John Tyndall ya cika shi a Landan daga 1859, inda ya nuna cewa tururin ruwa yana tare zafin da ƙasa ke saki, har ya kwatanta shi da bargo. A damina bargon yana da kauri, dare ya kwana da ɗumi. A hunturu an yaye shi, zafin rana ya tsere da zarar ta faɗi. Shi ya sa dararen da suka fi sanyi a shekara su ne waɗanda ba su da raɓa.

Baƙin sun shiga Katagum a farkon Janairu 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, garin da Malam Zaki ya kafa yana da ganuwa biyu da ƙofofi 4. Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, ya rasu a Murmur ranar 12 ga Janairu. Clapperton ya rubuta cewa Katagum tana digiri 12 da minti 17 arewa da layin Ikwaita, kuma taswirar yau ta yarda da shi, domin tsayin rana ko tauraro ya isa a fitar da wannan. Matsayinta ta gabas kuwa ya ƙiyasta shi wajen digiri 11, ya zarce da fiye da rabin digiri, saboda wannan awo sai da agogon da ba ya kuskure. Da ya isa Sakkwato a watan Maris ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama, ya tarar Bello ya san buruji duka da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Shaida ce daga bakin baƙo cewa ilimin sama yana da gida a ƙasar nan tun kafin zuwan boko.

Ido da abin da ke tsakaninsa da tauraro

Mai duban sama ba tauraro kaɗai yake gani ba, har da iskar da hasken ya ratso. A ƙasar Katagum sama ta fi tsabta a ƙarshen damina, bayan ruwa ya wanke ƙura kuma hazo bai iso ba. A hunturu babu girgije, amma ƙura tana cinye taurarin da ke gindin sama, inda mai lissafi ya fi buƙata. Idan danshi ya yi yawa kuma, ƙwayoyin ƙura da hayaƙi suna shan ruwa su kumbura, sama ta yi fari-fari. Gwani ya san idan Kaza ta makara masa da 'yan kwanaki a shekarar hazo, ba ita ta makara ba, don haka yana riƙe ƙidayarsa a ka ya gwada ta da abin da ido ya ba shi. Idan ya ga zoben haske ya kewaye wata, ya san danshi ya hau can ƙololuwa: ƙananan ƙanƙara ne a siraran gizagizai suke karya haske, faɗin zoben daga wata digiri 22. Irin idon nan ake nema ranar 29 ga wata, sa'ad da jama'a suka tsaya bayan faɗuwar rana neman jinjirin wata kafin labari ya bi ta hannun sarakuna zuwa fadar Sarkin Musulmi.

A tsaunukan Andis na Peru da Bolibiya manoman dankali ma Kaza suke dubawa da Asuba a watan Yuni. Idan ta yi dishi-dishi sai su jinkirta shuka. A 2000 Benjamin Orlove da John Chiang da Mark Cane suka wallafa bincike a mujallar Nature da ya nuna cewa siraran gizagizan can sama ne ke dusashe ta, kuma suna yawaita a shekarun da ruwa ke ƙaranci a yankin. Manoman suna da gaskiya, kuma ma'auni ya tabbatar. Masu manyan na'urorin hangen nesa ma danshin nan suke fama da shi. Gilashin da ke fuskantar sama yana sakin zafi ya yi raɓa, sai an sa masa doguwar hula ko an ɗan ɗumama shi. Tururin ruwa kuma yana shanye wasu nau'o'in hasken da ido ba ya gani, shi ya sa aka kai na'urorin ALMA hamadar Atakama ta Cile, a tudu mai tsayin mita 5,000.

Iyakar gwani da haƙƙinsa a kanmu

Malamanmu sun shata wa wannan ilimi iyaka tun farko. Suratu Yunus ta ambaci masaukan wata a matsayin hanyar sanin ƙidayar shekaru da lissafi. Hadisin Hudaibiyya kuma, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya yi hani mai tsanani ga jingina saukar ruwa ga tauraro. Don haka mai lissafin ƙwarai ba boka ba ne, ba ya cewa Jabha ce ta kawo ruwa. Yana cewa Allah Ya saba saukar da shi a cikin Jabha, ya rufe da in Allah Ya yarda. Kimiyya ma a nan ta tsaya: hasken Kaza da muke gani ya baro ta fiye da shekara 400 da suka wuce, ba ta da hannu a hadarin da ke tasowa ta gabashin Azare. Alamar lokaci ce, kuma sanin hakan yana cikin cikar gwaninta.

Alamar ma tana zamewa a hankali. Sandar da duniya ke juyawa a kanta tana layi, don haka taurari suna ja baya daga yanayin shekara da kimanin digiri 1 a shekara 72. Al-Battani, wanda ya yi awonsa a Raƙƙa ta Siriya ya kuma rasu a 929, ya sami digiri 1 a shekara 66, da ido da kayan awon hannu. A shekara 1,000 zamewar ta kai kusan kwana 14, tauraro guda ke nan da ɗori. Damina ita ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Dattawa sun ga farin 1973 da na 1984, matasa sun ga ambaliyar 2022 da ta ci gonaki a Zaki da Gamawa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma yana da amfani, amma hasashen yanki ne mai faɗi. Gonar da ke bayan garin Madara sai wanda ya kwana kusa da ita.

Aikin da ya rage ba mai tsada ba ne. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare da Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau suna da ɗaliban da iyayensu manoma ne. Ma'aunin zafi 2, ƙyalle, mazubin awon ruwan sama da littafin rubutu sun isa. Kowace safiya a rubuta tauraron da dattijon gari ya ce ana ciki da hukuncin da ya yanke, a gefe a rubuta gaɓar raɓa, da inda iska ta fito, da ruwan da ya sauka. Idan aka jure shekara 10 a garuruwa kaɗan, ƙasar Katagum za ta mallaki jadawalin damina nata na kanta, a kuma san wace alama ce ta fi gaskiya, wace ce zamani ya raunana. Al-Battani ya gaji lissafin Batlamus na Iskandariyya da girmamawa, ya sake awo da idonsa, ya gyara abin da ya zame, ya miƙa wa na baya. Wannan shi ne haƙƙin da masu lissafin damina suke da shi a kanmu.